Gwaggo Ganga da Hajiya Mai Firji

Ƙanwar babana ce, autar ɗakinsu, kuma duk dangi babu mai ƙaramin jiki kamarta. Idan ta zauna a kujerar falo ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Amma da aka tashi rabon murya sai aka ba ta ta mutum uku, kuma duka ukun maza ne. Yayyenta suka laƙaba mata Ganga tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da wani baƙon kakanmu ya yi sallama ta amsa daga bayan ƙofa. Baƙon ya cire takalmi, ya rusuna, ya shiga gaisuwa da ba da haƙurin daɗewar da ya yi bai zo ba. Sai da ya gama tsaf ta buɗe ƙofar da 'yar tsana a hannu ta ce masa baba ya fita.

Aikin da ta shekara talatin da ɗaya tana yi ma muryar ce ta samo mata. Ta kai dutsen gugar gida gyara ne a wani shago da ake gyaran firji da fanka da injin wanki. Mai shagon yana tsugune a bayan wani firji, hannunsa duk maiƙo, waya kuma tana ta ƙara a kan kantar shagon.

Ya ce, "'Yan mata, don Allah ɗauki ki ce ina zuwa."

Ta ɗauka. Wani ne ya kira da faɗa a kan fankarsa, tun kafin a yi magana ya fara zuba. Gwaggo ta ce, "Ina ji." Mutumin ya yi tsit. Can ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ban san kai ne da kanka ba. Ba gaggawa, ko jibi ma."

Da ta faɗa wa mai shago saƙon, sai ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya ce mata sati uku ke nan mutumin nan yana wanke shi tas kullum da safe. Ya dube ta sama da ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce, "Gobe da ƙarfe takwas za ki iya zuwa?"

Shagon ɗaki biyu ne. A gaba akwai kanta ta katako, da dogon benci na masu jira, da shiryayye cike da fankoki marasa kai. Bayan wani labule ruwan ƙasa akwai ɗakin gyara, bangon da ya raba su kuwa katako ne siriri. Wayar shagon kai biyu gare ta, ɗaya a kanta ɗaya a ciki. Ba a yi wata ba Gwaggo ta koma amsa waya a ciki kawai, domin duk lokacin da ta amsa a kanta sai masu jira su zabura, wata tsohuwa ma har ta saki tukunyar lantarkinta a ƙasa. Don haka ta ƙirƙiro murya ta biyu, muryar gaban shago: ta matse maƙogwaro, ta fitar da wata 'yar siririyar aba kamar ta mai mura. Kafin yamma tari ya kama ta, amma kwastomomi sun samu kwanciyar hankali.

A waya kuwa, da farko ta yi ƙoƙarin gyara wa mutane.

"Mace ce ke magana," in ji ta.

"To ka ba ta wayar mana."

"Ni ce macen."

"Kai Malam, ka cika barkwanci."

Bayan shekara biyu ta haƙura. Shagon ya zama da ma'aikata biyu a kujera ɗaya: Malam mai amsa waya, wanda ba a taɓa gani ba, da 'yar matar nan ta gaban shago. Mutane kan zo su jingina da kanta su ba ta labarinsa. Wani ya ce mata ta riƙa koyi da shi don ya fi ta sanin aiki nesa ba kusa ba. Wata ta ja ta gefe ta ce ta yi hankali da shi, masu irin wannan muryar ba su da amana. Gwaggo ta ce ta gode, za ta sa ido.

Wataƙila saboda ta san zafin a kira ka da abin da ba kai ba, babu wanda ya kai ta damuwa da yadda ake kiran mutum. Ta koyi abin ne da wahala. A shekararta ta farko ta ce wa wata mata "Mama", matar ta tambaye ta a wane asibiti ta haife ta, ta ɗauki injin markaɗenta ta fita ba a gyara ba. Daga ranar Gwaggo ta kafa dokarta: mace a rage mata shekaru, namiji a ƙara masa muƙami. Wadda ta isa Mama ta zama Anti, wadda ta isa Kaka ta zama Mama, wadda ta zo da sanda ana riƙe da hannunta ita ce kawai ake bari da Hajiya Babba. Namijin da ya shigo yana kaɗa makullin mota Yallaɓai ne. Mai tabarau da igiya a wuya Dakta ne. Wanda kuwa ya kwance injin da kansa a gida ya kawo ragowar notina a leda, wannan Injiniya ne, kuma tana faɗa ba tare da ko murmushi ba.

Su ma kwastomomi tana da nata hukunci a kansu. Duk wanda ya ce mata Anti, ko Yaya, ko Baiwar Allah, ko ma "mai kanta", tana amsawa. Amma wanda ya shigo ba gaisuwa ya ƙwanƙwasa katako da zobe ya ce "Ke", sai ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin kanta, ta buɗe durowa, ta ɗaga littafin aiki, sannan ta ɗago ta ce, "Yallaɓai, na duba, Ke ba ta zo aiki yau ba. Ina kwana?" Yawancinsu sai su ji kunya su gaisa.

Sai kuma ga Hajiya mai firji.

Wata safiya waya ta yi ƙara, Gwaggo ta ɗauka a ciki. Wata murya ce siririya, mai laushi, irin wadda kake ji ka san mai ita tana ninke adiko kafin ta ajiye. Ta ce firjinta yana wani kuka kamar ana yanka shi.

"Hajiya, ranki ya daɗe, ki kwantar da hankalinki," in ji Gwaggo. "Yau za a zo a duba."

An ɗan yi shiru a wancan gefen. Sannan muryar ta ce, "Na gode, Malam. Allah ya saka maka."

Gwaggo ma ta ɗan yi nata shirun, ta ce amin. Ta rubuta a katin aiki: Hajiya mai tsohon firji.

Wanda ake aikawa gidaje shi ne Baba Makaniki, dattijo mai furfura wanda ya girmi shagon, kuma magana a wurinsa kamar cire haƙori ce. Ya je, ya gyara, ya dawo. Gwaggo ta tambaye shi ya Hajiya. Ya tsaya yana kallon katin aikin ya daɗe, sannan ya dube ta, gefen bakinsa yana rawa.

Ya ce, "Tana gaida Malam."

Firjin nan ya tsufa ƙwarai, kusan duk wata biyu sai ya fito da sabon ciwo. Shekara tara ana haka. A hankali kiran ya wuce maganar firji. Hajiya takan fara da "Mai firji ke magana", su gaisa, su taɓa zancen zafi da ciwon gwiwa da yadda kayan yanzu ba sa ƙarko. Hajiya ta ce, "Ya matar gidan?" Gwaggo ta ce, "Tana nan tana fama da aiki." Gwaggo ta ce, "Ya maigida?" Hajiya ta ce, "Yana nan, shi da firjinsa." Gwaggo ta sha gaya mana a gida cewa duk cikin kwastomominta babu mace mai kunya da tarbiyya kamar wannan baiwar Allah. Baba Makaniki kuma, wanda da sai an roƙe shi yake fita aiki, in dai gidan mai firji ne har rige-rige yake yi, ya dawo da gaisuwa, ya shige bayan injin wanki kafaɗunsa suna girgiza. Gwaggo ta ɗauka asma ce, har magani ta taɓa kawo masa.

A shekara ta tara da fara wannan hirar mai shago ya fara gajiya, 'yarsa ta karɓi ragama. Yarinya ce mai kirki da ƙwazo, ta dawo daga wani kwas na sati shida a kan kula da kwastoma. Ta buga takarda ta manna a jikin kantar shagon. Takardar ta ce daga yau babu Hajiya, babu Anti, babu Dakta, domin ana iya kuskure. Kowa sunansa "mai girma kwastoma". Babu ka, babu ki, kowa ku ne.

Ranar farko wata tsohuwa ta shigo da fanka a rungume.

"Barkanku da zuwa, mai girma kwastoma. Me za mu yi muku?" in ji Gwaggo.

Tsohuwar ta juya ta dubi bayanta, ta leƙa waje, ta dawo. "Ni da wa, 'yar nan?"

Wani magidanci kuma da aka tambaye shi ya kuke, sai idonsa ya kawo ruwa ya ce ai shi kaɗai ya zo, matarsa ta tafi gidansu tun ranar Talata. Ya zauna a benci ya ba da labarin daga farko, aka rasa mai katse shi.

Ana cikin wannan satin waya ta yi ƙara. 'Yar mai shago tana tsaye a kan Gwaggo da takarda a hannu.

"Shagon gyara, barkanku da rana, mai girma kwastoma. Me za mu yi muku?"

"Malam? Mai firji ke magana."

"Mun gane ku."

"Ko na yi wani laifi ne?"

Gwaggo ta dubi yarinyar, yarinyar ta nuna mata layi na huɗu. "Ba ku yi mana komai ba. Mun gode muku da kira."

"To," in ji muryar, ta ƙara sirancewa. "A gaida gida." Aka kashe, ko zancen firjin ba a yi ba.

Abin ya tsaya wa Gwaggo a rai. Ta ce wa Baba Makaniki ta ɓata wa baiwar Allah rai a banza. Shi kuwa ya toshe baki da tsumma.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ƙofar shagon ta yi duhu. Wani ƙato ne ya shigo, sai da ya sunkuya kafin kansa ya wuce. Gashin bakinsa kamar burushin share tsakar gida, tafin hannunsa kamar faranti, yana riƙe da 'yar baƙar leda. Ya tsaya gaban kanta ya yi gyaran murya, ya danno magana daga can ƙasan ciki, kamar mai ɗauke da buhu a ka.

"Ina kwana, Hajiya. Malam mai amsa waya nake nema."

Gwaggo ta matse tata muryar. "Ya ɗan fita, Yallaɓai. Ka ba ni saƙon, zan isar."

"Sai dai ido da ido. A kan maganar mai firji ne. Zan jira."

Ya zauna a benci, bencin ya yi ƙara. Gwaggo ta ja da baya. Ta shige bayan labule ta kamo hannun rigar Baba Makaniki.

"Mijin Hajiya ne," ta ce da raɗa, raɗar da ta sa cokalin shayi rawa a kofi. "Ya gano shekara tara wani namiji yana hira da matarsa a waya. Ka ga hannunsa kuwa?"

Baba Makaniki ya ajiye sukundireba a hankali, ya jawo kujera ya zauna inda zai iya ganin labulen da kyau.

Gwaggo ta yi ta kai da komo tsakanin firji biyu. Ta leƙa, mutumin yana nan. Ta kai masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai ci gaba da jira. Da aka yi kusan awa ɗaya sai ta yanke shawara ta kira Hajiya ta ji abin da ya faru a gida, ko ta zo ta janye mijinta. Ta buga lambar da ta haddace tun tuni.

A gaban shago wata waya ta fara ƙara. Gwaggo ba ta kula ba. Aka ɗauka.

"Hajiya, kina ina?"

"Malam, ai ga ni a shagonku. An ce ka fita."

"A shagonmu? To ki yi hankali, kada ki shigo. Maigidanki yana ciki."

"Wane maigida?"

"Wani ƙato mai gashin baki, ya cika benci shi kaɗai."

Sannan siririyar muryar ta zo mata ta hanya biyu, ta waya da ta bangon katako.

"Malam, ni kaɗai ne a kan bencin."

A shekara tara, ranar ce ta fara jin mai muryar nan ta kira kanta da "ne", ba "ce" ba. Gwaggo ta ja igiyar waya har iya tsawonta, ta ɗaga labule da yatsa ɗaya. Ƙaton yana zaune da 'yar waya a kunne, ta ɓace a cikin hannunsa. Ya dube ta, ya dubi kan wayar da ke kunnenta.

"Ke ce Malam?" ya ce, da muryarsa ta gaskiya.

"Kai ne Hajiya?" ta ce, da tata. Fankokin kan shiryayye suka ɗan motsa.

Babu wanda ya tuna ya kashe waya. Sun yi kusan minti biyu suna ba juna haƙuri ta cikinta alhali taku huɗu ne tsakaninsu, kowa yana cewa laifinsa ne, kowa yana tuntuɓe tsakanin ka da ki. Daga baya ta fito ta zauna a ɗan gefen bencin da ya rage.

"Me ya hana ka gyara mini tun ranar farko?"

Ya sunkuyar da kai yana murza leda. Ya ce shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota, kuma duk inda ya tsaya abin da ake ce masa bai wuce "kai direba" ba. In ya buɗe baki kuma a yi dariya, shi ya sa a waje yake danne murya. "Sai ga wani bawan Allah yana ce mini ranki ya daɗe, ki kwantar da hankalinki. Ba a taɓa ce mini in kwantar da hankalina ba. Na ce bari in bari sai kira na biyu. Da aka shekara kuma na ga ai gyaran ya zama rashin ladabi. Ke fa?"

"Ni na gaji da gyara tun kafin a yaye 'yar mai shagon nan."

"To matar gidan da nake ta aika wa gaisuwa?"

"Ni ce. Tana amsawa. Maigidan fa?"

"Ni ne. Ni da firjina."

"Ashe dai ba mu yi wa juna ƙarya ba," in ji Gwaggo.

Sai a lokacin suka tuna da wanda ya shekara tara yana ganin fuskokinsu duka biyu. Suka juya tare. Baba Makaniki yana bakin labule, hawaye yana bin furfurarsa.

Ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni. Ni wajen firji aka aike ni."

A cikin ledar hula ce, sabuwa, mai kyau. Ya sayo wa Malam ne don a shirya, tunda ya ɗauka fushi ake da shi. Gwaggo ta ce kyauta ba a mayar da ita, ta ɗora a kan ɗankwalinta, hular ta sauko har kan hanci. Ya ce ta yi haƙuri, da murya ya auna kan. A ƙarshe kan wayar ɗakin gyara aka kifa ta don kare ƙura, kuma ta zauna daidai.

'Yar mai shago ta dawo daga saro kaya ta tarar da su suna shan shayi, aka ba ta labari. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta tashi ta ɓalle takardar. Washegari ta manna wata mai layi biyu: a gaida mutum tukuna, sannan a tambaye shi "da wa nake magana?", abin da ya faɗa shi za a kira shi. Wannan ma bai rasa nasa ba. Wani ya ce a kira shi Shugaba. Da aka bincika, shugaban ƙungiyar masu kiwon zomo ne, su biyar har da shi. Gwaggo ta kira shi Shugaba har ya daina zuwa shagon.

Ita da mutuminta sun gwada Yallaɓai da Hajiya na sati biyu, duka suka ji kamar sun sa takalmin aro. Suka tsaya a Mai Firji da Mai Waya. Daga ranar kuma Gwaggo ta yar da muryar gaban shagon, tari ya bar ta. Ta zaci kowa zai gane, amma mutane ba su cika son rabuwa da abin da suka saba ba. Da yawa suka yanke hukunci cewa ita matar Malam ce, wai zaman tare ne ya sa murya ta zo ɗaya.

Da gwiwa ta matsa mata ta ajiye aiki, aka ɗauki wata mata a madadinta. Duk wanda ya kira ya nemi Malam, sabuwar sai ta ce masa cikin ladabi, "Ai Malam ya bar mu, ya je ya huta." Ba a yi sati ba wasu tsofaffin kwastomomi mata uku suka nemi kwatancen gidan Gwaggo a wurin Baba Makaniki, shi kuma ya ba su har da launin ƙofa. Ina gidan ranar. Suka zauna a falo da jajayen idanu, babbarsu ta kama hannun Gwaggo ta ce sai haƙuri, ba su taɓa ganin fuskarsa ba amma sau uku yana ceto mata injin wanki.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi bayani. Ta dubi matan, ta ga nisan da suka sha da ƙafa, ɗaya ma da sanda. Sai ta gyara mayafi ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Mutumin kirki ne. Sai dai surutu a waya."

Matan suka gyaɗa kai suka ce haka yake, Allah ya ji ƙansa. Gwaggo ta ce a bar wannan addu'ar tukuna, su dai sha ruwa, ta aike ni kicin in ɗora shayi.